Mawaƙan Polan Uku da Masu Yi wa Tarihinsu Kwaskwarima

Yau ƙasar Polan zan kai ku, ku ga yadda 'yan siyasa ke ɗinka wa mamaci rigar da ta yi musu daidai.

A 1925 mawaƙa uku, Broniewski da Stande da Wandurski, suka haɗu suka fitar da ɗan littafin waƙoƙi na goyon bayan ma'aikata. Dukkansu masu ra'ayin gurguzu ne. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka mai da Broniewski gwarzon ƙasa, aka sa sunansa a tituna da makarantu, yara suna haddace waƙoƙinsa. Labarin da ake bayarwa shi ne gwamnatin Pilsudski ta gasa wa 'yan gwagwarmaya aya a hannu. Ba ƙarya ba ne, an kulle shi a 1931.

To amma sauran biyun fa? Tarayyar Sobiyat suka koma, suna ganin sun isa gida. Can aka harbe Wandurski a 1934, aka harbe Stande a 1937. A 1938 ma Mosko ta rushe jam'iyyar gurguzu ta Polan ɗungurungum, bayan an hallaka yawancin shugabanninta. Wannan magana ba mai iya furta ta a fili sai 1956. Shi kansa Broniewski, a 1920 sojan Polan ne da ya yaƙi rundunar Sobiyat, kuma a Janairun 1940 'yan sandan ciki na Sitalin suka kama shi a birnin Lwow. Duk wannan an yi masa rufa-rufa.

Kun ga, ni ba na wanke shi. A 1949 ya rubuta wa Sitalin waƙar yabo, mutumin da gwamnatinsa ta kashe abokansa biyu. Abin kunya ne, ba wata kwana-kwana.

Sai dai bayan 1989 wasu a ɗaya ɓangaren suka ɗauki waƙar nan kaɗai suna ɗagawa, wai ga yaron Mosko. Sun manta da wadda ya yi a 1939, yana kiran 'yan ƙasa su ɗau makami su tare Jamus, duk da tsamin da ke tsakaninsa da gwamnatin lokacin. Sun manta da gidan yarin Sitalin da ya kwana a ciki.

Stande da Wandurski kuwa ba wanda ke rububinsu. Wancan ɓangare na jin nauyin faɗar wanda ya harbe su, wannan kuma ba ya son yin makokin ɗan gurguzu.