Ƴan aiken ciki: mai kawo yunwa da mai kawo ƙoshi

Jawabin da aka karanta a taron ƙungiya, aka buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba

Iyayenmu dattawa, malamai, iyayenmu mata, da ƴan uwa ƴan bida na Yamai, da Kano, da Ikko, da Kwatano, da Abijan, muna gaishe ku, muna yi muku ban gajiya. Maganarmu ta yau a kan ciki take, domin magabata sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kowa ya san yunwa, kowa ya san ƙoshi. To, wa ke gaya wa mutum ya tashi ya nemi abinci, wa kuma ke ce masa ya tsame hannu daga ƙwarya? Allah ya sa waɗansu ƴan aike cikin jini, suna kai labari tsakanin tumbi, da hanji, da kitse, da ƙwaƙwalwa. Likitoci suna kiransu hormon.

A 1902 aka gano na farinsu a Landan. Masana biyu, Bayliss da Starling, suka yanke jijiyoyin wani yanki na hanjin kare, suka zuba masa ruwa mai tsami irin na tumbi. Sai suka ga pankireyas, wani ɗan nama dogo da ke kwance bayan tumbi, ya saki ruwansa na narkar da abinci. Jijiya a yanke, amma saƙo ya isa. Ashe ta jini ya bi. Suka sa wa ɗan aiken suna sekiretin.

Ga kaɗan daga cikin sauran. Girelin shi ne mai shelar yunwa, a 1999 aka gano shi a Japan. Tumbi ke sakinsa, yana ƙaruwa in lokacin da mutum ya saba ci ya gabato, ya ragu bayan an ci. Shi ya sa manomi ke jin lokacin hura ya yi ko babu agogo a hannunsa. Gastirin shi ke sa tumbi ya zubo ruwan tsaminsa. CCK, wanda aka gano a 1928, yana fita in mai ko nama ko wake sun isa hanji, ya matse matsarmama, ya kuma sanar da ƙwaƙwalwa an fara ƙoshi. GLP-1 ma daga hanji yake, yana rage saurin fitar abinci daga tumbi, yana zuga pankireyas ya saki insulin. Insulin kuwa, da aka fitar a 1921 a Toronto ta ƙasar Kanada, shi ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Sai leftin, na 1994. Kitse ke sakinsa, aikinsa kamar na mai leƙa rumbu ne ya faɗa wa maigida abin da ya rage. In mutum ya rame, kamar yadda akan yi tsakiyar damana kafin sabon hatsi, leftin ya ragu, yunwa ta ƙaru.

Abin da ya shafe mu cikin wannan, huɗu ne.

Na ɗaya, ku ƴan bida. A gida cimarmu tuwo da hura. A birni sai burodi, da farar shinkafa, da taliya, da lemon kwalba, da shayi mai sukari safe da yamma. A 2018 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Bamako, aka ga tuwon hatsi da na dawa suna daɗewa a tumbi kusan ninki biyu na shinkafa da taliya da dankalin turawa. Abin da kakanninmu ke cewa yana riƙe ciki, gaskiya suka faɗa. Ruwan sukari kuwa wucewa yake da sauri, ƴan aiken ƙoshi ba su cika jinsa ba, amma insulin sai ya yi aiki a kansa. In teɓa ta taru, ga zama wuri ɗaya a shago ko kan babur, jiki ya daina jin maganar insulin, sai ciwon sukari. Alamunsa ƙishirwa mai yawa, da yawan fitsari, da rama alhali ana ci. Wanda ya ga haka ya je a gwada jininsa. Kuma saƙon ƙoshi ba nan take yake isa ba, yakan ɗauki mintoci da dama. Mai haɗiya da gaggawa kafin ya ji ya riga ya wuce iyaka, balle da buɗa baki cikin azumi. A ci a natse, a haɗa da wake, da gujiya, da zogala. Masu gadin dare su sani ƙarancin barci yana ƙara yunwa.

Na biyu, yara. Cuta tana sa jiki ya saki waɗansu saƙonni masu kashe sha'awar abinci. Yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa yakan kai inda ba ya ko kukan yunwa, uwa ta ɗauka ya ƙoshi. Shirun nan haɗari ne. A yunwar 2005 likitocin MSF sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasarmu, da yawansu a jihar Maraɗi. A wuraren jinyar tamowa ana yi wa yaro gwajin ci: a ba shi niƙaƙƙiyar gujiyar nan mai madara da sukari da mai. In ya ci, galibi a gida zai yi magani. In ya ƙi, kwantar da shi ake yi. Saboda haka yaron da ya ƙi nono ko abinci, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, a kai shi likita ran nan, kada a jira ranar kasuwa. In yana zawo kada a yanke masa nono. In ya warke a ƙara masa ci ɗaya kowace rana har sati 2.

Na uku, dattawanmu. Da tsufa ƴan aiken ƙoshi sukan yi saurin magana, tsoho ya yi loma uku ya ce ya isa, ya koma ga goro da taba, taba kuwa tana ƙara kashe yunwa. Sai ƙarfi ya yi ta tafiya. Ku masu aiko da kuɗi, ku ce a ware na nono, da ƙwai, da wake domin tsofaffi. A ba su kaɗan kaɗan sau da yawa, a kuma ci tare da su, gama ci shi kaɗai ba ya tafiya. Tsohon da ke rama yana tari fiye da sati 2, a kai shi a duba tarin fuka.

Na huɗu, ƙwayoyin ƙiba da ake saye a hannun masu talla, musamman domin ƴan mata gabanin biki. Cikinsu akwai deksametazon, mai kwaikwayon wani hormon na jiki. Yana buɗe ciki, fuska ta cika, a ce yarinya ta yi kyau. Amma yana ɗaga sukari da jini, yana raunana ƙashi, yana rage ƙarfin jiki na tsare cuta. Wadda ta daɗe tana sha kada ta bari farat ɗaya, nan ma akwai haɗari. Ta je wajen lokotoro ya rage mata sannu sannu. Haka allurar rage ƙiba mai kwaikwayon GLP-1, irin su Ozempic da aka amince da ita a Amurka a 2017 domin masu ciwon sukari, ba a taɓa ta sai da umurnin lokotoro.

Muna roƙon wanda takardar nan ta shiga hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su karatu, a zaure da cikin gida. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka, ya maido matafiyanmu gida lafiya. Amin. Wassalamu alaikum.