Guguwar Derna: sunayen da ba su shiga lissafi ba

Na gode da kuka taru duk da wannan ɗauke wuta da muke fama da shi.

Na san abin da wasu ke faɗi a fada: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an ƙaƙaba mana takunkumin CEDEAO, an rufe iyakoki, Najeriya ta yanke mana wuta, buhun shinkafa ya yi tashin gwauron zabo, to ina mu ina Libiya? Magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma ku bari in faɗi abin da ya faru tukuna.

Daren 10 zuwa 11 ga Satumba 2023, guguwar da aka sa wa suna Daniel ta taso daga tekun Bahar Rum, bayan ta yi ɓarna a Girka, ta afka wa gabashin Libiya. A garin Al-Baida an auna ruwan sama milimita 414 cikin kwana guda. Ku kwatanta: kusan abin da Damagaram ke samu ke nan a damina sukutum. Shi kuwa Derna gari ne na mutum kamar dubu ɗari, a bakin teku, wani kwari ya raba shi biyu. Kwarin irin gulbin Maraɗi ne, mafi yawan shekara busasshe, yara na wasa a ciki. A samansa akwai madatsun ruwa biyu da wani kamfanin Yugoslabiya ya gina a shekarun 1970. Cikin tsakar dare ta sama ta fashe, ruwanta ya faɗa wa ta ƙasa, ita ma ta tafi. Mutane na barci. Unguwanni ɗungurungum, da benaye da motoci da gadoji, ruwa ya kwashe ya zuba a teku.

Wajen mutum 4,000 aka tabbatar da rasuwarsu, dubbai ba a gan su ba, sama da 40,000 sun rasa matsuguni. Allah ya jiƙan su.

Ruwa na Allah ne, babu musu. Amma madatsar da aka bari shekara da shekaru ba gyara, wannan aikin mutum ne. A 2022 wani malamin jami'ar Omar Al-Mukhtar, Abdelwanees Ashoor, ya rubuta ƙarara cewa in ba a gyara madatsun ba, babban ruwa zai halaka garin. Ba a saurare shi ba, ƙasar na da gwamnati biyu, kowace na jan bargo wajenta. Shi ya sa ranar 18 ga wata mutanen Derna suka fito zanga-zanga gaban masallacin Sahaba da makokinsu a baki. Mutanen Lamorde a Yamai, da shingen bakin kogi ya ɓalle musu a 2020, sun san ɗanɗanon wannan fushi.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Cikin mamatan akwai ɗaruruwan baƙi ƴan ci-rani. Wani ƙauye guda a yankin Beni Suef na Masar ya rasa samari fiye da 70. Sudan ta ƙirga nata sama da 200. Waɗannan an san su ne don akwai wanda ya tashi ya nemi sunansu. To a ƙididdigar hukumar OIM ta 2023, ƴan Nijar ne suka kasance kan gaba cikin baƙin da ke Libiya. Gaskiya ne mafi yawan namu suna Sabha, Tarabulus da Misrata, nesa da inda abin ya faru. Sai dai ɗan ci-rani ba ya da gari, inda aka ce akwai aikin gini ko gadin gona can yake nufa, har gabas. Kuma a lokacin da dokar 2015-36 ta sa direbobin Agadas bin hanyoyin ɓoye, da yawa sun ƙetara ba tare da an rubuta sunansu ko'ina ba. Yaron da ke kwana a kangon da yake ginawa, ba takarda, ba maƙwabcin da ya san sunan mahaifinsa, in ruwa ya tafi da shi wa zai je asibiti ya ce ba a ga wane ba?

Saboda haka taimakon da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Kada wanda ya kawo mana tsofaffin tufafi. Wallahi kuɗin motar da za ta kai su Derna ya fi kuɗin kayan, kuma abin da ake nema can ruwan sha ne mai tsabta da magani da masu tono. Wannan aikin Croissant-Rouge ta Libiya na kansa, har wasu ƴan agajinta sun rasu suna ceton mutane.

Namu aikin shi ne sunaye. Kowannenku na da ƙauye, a Tawa ne ko Tanut ko Dakoro. Ku kira gida, ku tambayi mai gari da liman da tsofaffin mata, don su ne suka san ɗan wa ya daina kira. Wanda aka daina jin muryarsa tun 10 ga Satumba, a rubuto cikakken sunansa, sunan uwa da uba, garin da ya ce yana ciki a kiran ƙarshe, lambar da yake kira da ita, da hoto in akwai. Croix-Rouge na da sashen neman dangin da suka ɓace, kyauta ne, can za mu miƙa. Ina roƙonku kada a watsa hotunan nan a WhatsApp da Facebook. Masu garkuwa da mutane a Libiya da ƴan damfara da irin wannan suke kiran uwa su ce ɗanta na hannunsu, a aiko kuɗi.

Sai kuma asusu. Mai jaka guda ya kawo, mai ɗari biyar ya kawo. Shawarata, kuɗin su tafi gidajen nan namu da mai aiko musu da na hatsi ya yi shiru, ga shi kaka ba ta gama shigowa ba. In taro na ganin a raba, wani kaso ya bi ta Croix-Rouge zuwa Derna, sai mu ƙada ƙuri'a yanzu. Duk abin da aka tara za a rubuta a littafi, mutum biyu su sa hannu, mu wallafa lissafin a wannan shafi kowace Juma'a.

Masu son shiga aikin kiran ƙauyuka su tsaya bayan an tashi, mu raba jihohi.