Jingina aka faɗa, sayarwa aka rubuta: waɗanne sunaye za mu riƙe, waɗanne za mu sake?

Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, na gode wa masu shayi da ke can baya, don tun ɗazu nake jin ƙamshinsa.

An ce in yi magana a kan kalmomin da muka gada na ofis, na likita da na shari'a: mu bar su yadda muka saba, ko mu sake musu sunan da kowa zai gane? Na san wani zai ce wannan ai aikin malaman jami'a ne, mu muna fama da tsadar shinkafa. To bari in ba ku labarin kawuna, sai ku yanke hukunci da kanku.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomi ne. Wata shekara damina ta gaza, hatsi ya ƙare tun kafin bazara, ga ɗiyarsa kwance. Ya je wajen wani mai kuɗi ya jinginar da gonarsa a kan jikka 150. Kun san jingina: ka karɓi kuɗi, mai kuɗi ya noma gonar, ranar da ka maido kuɗinsa gonarka ta dawo hannunka. Aka ce a yi takarda don kada a samu gardama. Aka rubuta ta da Faransanci, aka tambaye shi, "Kawu, takardar gona ce ko?" Ya ce e, ya dangwala yatsa. Bayan shekara uku ya haɗa kuɗin, ya kai. Mutumin ya fiddo takarda. Ni aka kira in karanta, don ni ne ɗan lakwal na gidan. Kalma ɗaya ce a sama, "vente". Sayarwa ke nan. Shaidu biyu ne, ɗaya ya rasu, ɗayan yana ci-rani can arewa, babu mai lambarsa. Aka je gaban mai gari, aka je gaban sarki, takarda ta fi bakin kawu ƙarfi. Yau barema yake yi a gonakin mutane.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne doka ba ta manta da kawu ba. Tun 1993 ƙasar nan ke da dokar karkara, kuma a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin filaye, waɗanda muke ce wa kofo, tun daga ƙauye har zuwa gunduma. Kowace irin mu'amala da takardarta: ta gado daban, ta saye daban, haka ta kyauta, ta haya, ta aro da ta jingina. Duka shidan nan Hausa tana da sunansu, kuma babu manomin da zai rikita aro da kyauta. Amma da yake takardar ba da harshensa take magana ba, dukansu sun koma suna ɗaya a bakin talaka, takardar gona. A cikin wannan suna ɗayan gonar kawu ta ɓace.

Me ya sa maganar ta taso yanzu? A watan Maris na 2025 kundin da ake tafiyar da ƙasa a kansa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko ba daɗe ko ba jima, za a zauna a fassara takardu, a rubuta alluna, a tsara littattafai. Wasu mutane za su zaɓi kalmomin da ɗiyanmu za su rayu da su. In mun yi shiru, za a zaɓa babu mu.

Bari in fara da masu cewa a bar sabo, don suna da hujja. Ku ɗauki kuɗi. A takarda an rubuta 100, mu ce dala ashirin. An rubuta 1000, mu ce jikka. Baƙo yana ganin wannan rikici ne, amma tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da ba ta taɓa shiga aji ba, tana wannan lissafi ido rufe, ba a cuce ta ko dala ba. In gobe aka ce a daina dala don a samu abin da ya fi bayyana, wa zai ruɗe? Ita. Haka tiya a kasuwar hatsi. Haka lakwal da mushe, waɗanda asalinsu Faransanci ne amma sun kwana sun tashi a bakinmu har sun zama namu, kamar yadda littafi da alƙali suka zo daga Larabci, mota da asibiti daga Ingilishi. Ko mu nan ana ce mana ƙungiyoyin fararen hula. Ku dubi juna, nawa ne ke da farar hula a ka? Ƴan mata ma babu hular gaba ɗaya. Amma duk wanda ya ji sunan ya san ba soja ake nufi ba, ba gwamnati ba. Sunan yana aikinsa, sai a bar shi ya yi.

Sake suna kuma yana da farashi. Kafin sabon ya zauna, za a yi shekaru abu ɗaya na da suna biyu, likita na faɗin wannan, majinyaci na faɗin wancan. Sannan Hausa ba tamu kaɗai ba ce. Ɗan Maraɗi na ciniki da Katsina, ɗan Damagaram da Kano, ɗan Ƙonni da Sakkwato. BBC na watsa labarai da Hausa tun 1957, kuma ita da sauran gidajen rediyo sun riga sun zaunar da kalmomi irin su kasafin kuɗi, ƙuri'a, tsarin mulki, majalisa. Manomin Tawa ya san su. In muka ce sai mun ƙirƙiro namu don kawai mu bambanta, mun gina katanga tsakaninmu da ƴan'uwanmu a banza.

To amma sabo turken wawa ne, in ji masu magana. Akwai sunayen da muka saba da su, suna cutar da mu. Ku dubi zazzaɓi. Da can kowane zafin jiki suna ɗaya ne, wani ya ce rana ce, wani ya ce ɗanyen masara, wani ya ce iska. Da aka ce zazzaɓin cizon sauro, sai sunan da kansa ya zama darasi. Uwar da ta ji shi ta san maƙiyinta, ta san dalilin gidan sauro, ta san abin da ya sa ake bai wa yara ƙanana magani wata-wata da damina. Wanda ya ce "palu" ya faɗi suna kawai, wanda ya ce cizon sauro ya faɗi suna da sanadi.

Ku dubi ƙanjamau. Kalmar tana zana mutum ƙanjamamme, wanda ya rame ya ƙare. Saboda haka mai jiki ɓul-ɓul sai ya ce ni ba ni da shi, ya ƙi gwaji, wanda ke da shi kuma ya ɓoye don kunya. Da aka fara cewa cuta mai karya garkuwar jiki, an faɗi abin da cutar ke yi, kuma an bar wa mai ita mutuncinsa. Haka ƙayyade iyali. Magidanci na jin kalmar sai ya ɗaure fuska, wa zai ƙayyade mini abin da Allah ya ba ni? Da aka ce tazarar haihuwa, sai aka tarar abu ne da kakanninmu suka sani, mace ta huta, yaro ya sha nono ya ƙoshi kafin a yi masa ƙane. Ƙofar da tsohon suna ya rufe, sabon ya buɗe ta.

Ga kuma wadda ta shafi aikinmu kai tsaye. Muna cewa jihar Maraɗi, jihar Damagaram, gwamnan jiha. Da kalmar ake amfani a Najeriya ma, inda jihohi 36 ke zaɓen gwamnoninsu, kowace da majalisar dokokinta. A nan gwamna naɗa shi ake yi daga Yamai, wakilin gwamnatin tsakiya ne. Suna ɗaya, iko daban. Na sha jin matasa a fada suna zagin gwamna kan kwata da shara, alhali wannan aikin meri ne, suna zagin magajin gari kan abin da ke hannun minista. Wanda bai san ƙofar da zai buga ba, haƙƙinsa zai kwana a waje. Sai kuma gajerun sunayen nan na haruffa huɗu-huɗu da ke cike da allunan ofisoshi da motocin proje. Ko mu da muka yi lakwal wani lokaci sai mun tambaya. Suna irin wannan, ga talaka, daidai yake da ƙofa a kulle.

Akwai masu wuya, ban ɓoye muku ba. Shan-inna, misali. Sunan yana cewa Inna ce, wato iska, ta shanye ƙafar yaro, kuma wanda ya yarda da haka wajen boka zai nufa. Amma shi ne sunan da kowa ya sani daga Agadas har Zariya, da shi aka yi ta bi gida-gida ana ɗiga wa yara rigakafi, har aka kai 2020 aka tabbatar nau'in cutar na asali ya ƙare a Afirka. A nan ni ra'ayina a riƙe sunan, a ɗora masa bayani duk lokacin da aka ambace shi: ƙwayar cuta ce, tana bin ƙazanta da ruwa, ɗigo ke hana ta. In ka jefar da sunan, ka jefar da kunnen mutanen da kake son su ji ka.

Kada kuma mu ɗauka sake allo shi ne sake baki. A watan Oktoba na 2024 an sake sunayen wasu wurare a Yamai. Titin da ke ɗauke da sunan Charles de Gaulle ya koma na Djibo Bakary, jagoran Sawaba, wanda ya yi kiran a ce a'a a ƙuri'ar 1958. Allo a yini ɗaya ake sake shi. Amma in matashi bai san wane ne Djibo Bakary ba, an sauya masa baƙon suna da wani baƙon suna ne kawai. Sabon suna sai da labari, sai da koyarwa, sai da haƙuri.

Saboda haka ga ma'aunina, in an kawo mini kalma. Da fari in tambaya: mai sayar da fura ta gane ta? In ta gane, ko daga Sin kalmar ta zo, a bar ta. Sannan in tambaya: abin da ta gane shi ne gaskiyar abin? In sunan na sa mutum ya fahimci wani abu daban, kamar jiha, ko yana haɗe abubuwa shida wuri ɗaya, kamar takardar gona, a gyara. Daga ƙarshe in tambaya: sunan yana muzanta wani? In yana sa majinyaci ɓuya, a sake shi ko da shekara ɗari ya yi.

In kuwa za a sake, kada a ƙulle a ofis mai sanyi a fito mana da kalma mai gaɓa goma da ba wanda zai iya faɗa. A kai ta kasuwa, a kai ta tasha, a faɗa wa ɗan kabu-kabu da ungozoma, a ji abin da suka fahimta. A nemi malaman da suka koyar da Hausa a aji, don tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, kuma sun san kalmomin da suka kama bakin yara da waɗanda suka mutu cikin littafi. A rubuta tsohon suna da sabo gefe da gefe har sai an saba. Kuma duk abin da muka nema wa mai jin Hausa, mu nema wa mai jin Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, Barbarci, Tubanci da sauran harsunanmu. Manomin Tilaberi ma yana dangwala yatsa kan takardar da bai gane ba, zafin ɗaya ne.

Ga aikin da nake roƙon mu ɗauka daga nan. Kowa na da waya. Cikin makon nan, duk inda ka shiga, meri, likita, wurin ajiyar kuɗi, kotu, ka rubuta kalma biyar da ka ga an faɗa wa mutum bai gane ba. Ka tambayi tsofaffin gidanku yadda su suke kiran abin. Ku turo mu haɗa, mu tace, mu kai wa masu wannan aiki da hujja a hannu. Na biyu kuma, don Allah, kada wani naka ya sake dangwala yatsa kan takarda ba ka karanta masa ita kalma-kalma ba. Ka tambaye shi da Hausa: aro ne, haya ce, jingina ce, ko sayarwa? Ka sa a rubuta amsarsa a jikin takardar, da harshen da ya faɗe ta.

Ni ban yi wa kawu haka ba, ina gari ina karatu ranar da aka yi takardar. Har yau in na je ƙauye, ta bakin gonar nan nake wucewa, in ga geron wani a tsaye. Ku da kuke nan kuna da sauran dama.

Wanda ke da kalmar da ke damunsa ya ɗaga hannu, mu fara da ita.