Matacce Ya Komo: Gardamar Masu Kallo a Kan Dawowar Sarki Palpatine



Wannan lacca ta shafi wata gardama ce da ta tashi a tsakanin masu kallon silima cikin 2019. A ido kamar wasa ce, amma akwai tambayar adabi a ƙarƙashinta, watau ko mutuwa a cikin ƙagaggen labari alkawari ce da marubuci ba ya da ikon warwarewa.

Cikin 1977 ne wani Ba'amurke, George Lucas, ya fito da fim ɗin Star Wars, labarin yaƙi tsakanin wata azzalumar daula ta sararin samaniya da 'yan tawayen da ke neman kifar da ita. Uban tafiyar zaluncin shi ne Sarki Palpatine, na hannun damansa kuwa Darth Vader. A fim na uku, Return of the Jedi, na 1983, Sarkin ya tasam ma halaka Luke Skywalker, ɗan Vader, a gaban idon ubansa. Nan fa tausayin ɗa ya rinjayi biyayya, Vader ya sungumi ubangidansa ya wurga shi cikin wani rami mai zurfi a tashar yaƙinsu, shi ma ya rasa ransa a sanadin haka. Daga 1999 zuwa 2005 Lucas ya ƙara finafinai uku, ya nuna yadda Sarkin ya yaudari wannan bawan nasa tun yana saurayi mai suna Anakin. Ke nan finafinan shida sun zama labari guda: faɗuwar mutum da tubarsa, kuma mutuwar Palpatine ita ce shaidar tubar.

Cikin 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a kan kuɗi wajen dala biliyan 4, ya ɗora sabon labari. A watan Afrilu na 2019, a taron masoyan fim ɗin a birnin Shikago, aka nuna ɗan tallar fim na tara, The Rise of Skywalker. Da ta zo ƙarshe sai aka ji wata dariya da kowa ya shaida, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Sarkin, Ian McDiarmid, ya hau dandamali, zaure ya kaure da sowa. Da fim ɗin ya fito a watan Disamba, sowar ta koma cacar baki.

Masu suka ba su ce dawowar ba ta yiwuwa ba, don kuwa duniyar da jirage ke gudu fiye da haske ba ta rasa dabarar ta da matacce. Abin da suka ce ya fi wannan nauyi. In har Palpatine bai tafi ba, to, me Vader ya saya da ransa? Mai kallon da ya zub da hawaye cikin 1983 ya yi kuka ne bisa amincewa cewa an yi ta ta ƙare. Bayan shekara 36 sai aka ce masa ashe jinkiri ne kurum. Hasarar kuwa ba ta tsaya a kan sabon fim ba, ta koma baya ta rage wa tsohon daraja, domin duk wanda ya sake kallonsa yanzu ya san mugun yana nan tafe. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a cikin gardamar duka.

Masu kāre fim ɗin su ma ba su zo hannu sake ba. Sun tuna wa jama'a cewa a fim ɗin 2005 Palpatine da bakinsa ya ba Anakin labarin wani malamin mugunta da ya san sirrin hana mutuwa, saboda haka neman dawwama hali ne nasa tun fil azal. Sun ce kuma abin da Vader ya ceta ɗansa ne, ɗan kuwa ya rayu. Daɗin daɗawa, ba wannan ne karo na fari ba. Littafin zane mai suna Dark Empire, wanda Tom Veitch ya rubuta aka fara bugawa cikin 1991, ya riga ya dawo da Sarkin a cikin jikin da aka kwafa daga ƙwayoyin halittarsa. Haka nan Darth Maul, wanda aka raba gida biyu da takobi a fim ɗin 1999, ya sake ɓullowa cikin 2012 a wasan zane na talbijin, The Clone Wars, masu kallo da yawa kuma suka yi na'am da shi.

Amma fa misalin Maul ya fi taimakon masu suka. An ba dawowarsa lokaci, an nuna shi a haukace, a wulaƙance, yana fama da ƙafafun ƙarfe, watau ya biya kuɗin rayuwarsa a gaban mai kallo. Palpatine kuwa a rubutun buɗe fim aka sanar da shi, daga baya wani jarumi ya faɗa wa 'yan'uwansa cewa ko ta yaya dai ya dawo, magana ta wuce. Jawabin da aka ce ya watsa wa duniya ma ba a ji shi a fim ɗin ba, a cikin wasan kwamfuta na Fortnite aka saka shi. Finafinan 2015 da 2017 ba su share masa hanya ba. Ga dukkan alamu, da Rian Johnson ya kashe sabon mugu, Snoke, a The Last Jedi, sai J. J. Abrams ya tarar da kujerar mugunta ba kowa, ya koma ga tsohon da jama'a suka sani.

A nan ya kamata ɗalibin adabi ya lura da wani bambanci. A tatsuniya ana iya kashe Dodo yau da dare, gobe ya fito a wata, ba yaron da zai nemi bayani, domin kowace tatsuniya gashin kanta take ci. Star Wars kuwa ya ɗauki siffar tarihi: yana da jerin shekaru, da nasaba, da kundin abin da ya tabbata. Kamfanin da kansa ya ƙarfafa wannan, don cikin 2014 ya shelanta cewa tsofaffin littattafai, har da Dark Empire, sun fita daga ingantaccen labari. Wanda ya horar da masu kallonsa su riƙa lissafi kamar malaman tarihi, bai kamata ya yi mamaki ba in sun kama shi da lissafin.

Ta fuskar ciniki ba a yi hasara ba, fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1, ko da yake na 2015 ya haye biliyan 2. Bayanin da aka hana masu kallo kuwa daga baya ya riƙa zuwa guntu-guntu. Littafin da Rae Carson ta rubuta a kan fim ɗin cikin 2020 ya bayyana cewa ruhun Sarkin ya koma cikin kwafaffen jiki ne wanda ya kasa ɗaukarsa. Cikin 2024 kuma wasan The Bad Batch ya nuna masanan daular suna aikin asiri na kwafar halitta bisa umurninsa, shekara biyar ke nan bayan fitowar fim ɗin da ke bukatar wannan bayani.