Shirin Shiga Jami'a Tun Daga Aji Huɗu Ake Fara Shi



Kowace shekara akan sami yara masu ƙoƙari waɗanda suka ci jarrabawa, amma suka rasa gurbi a jami'a. Sau da yawa ba rashin basira ne ya jawo musu wannan ba, sai dai kuskuren da aka yi tun shekara uku baya, watau ranar da yaro ya gama ƙaramar sakandare ya zaɓi darussan da zai ɗauka a babba. A ranar nan ake buɗe wa yaro ƙofa, ko a rufe ta ba a sani ba.

Ga yadda al'amarin yake. Mai neman jami'a yana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu, kuma tilas ne Turanci ya kasance a ciki. Mai neman kimiyya ko injiniya tilas ya haɗa da Lissafi. Bayan wannan sai jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake rubutawa, jimlar makinsu 400, kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta. Mai son likitanci zai rubuta Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya kuwa, Lissafi ne zai maye gurbin Bayoloji. Mai son lauya lalle ya karanta Adabin Turanci. To, yaron da ya guje wa Kemistiri a aji huɗu don yana jin tsoronsa, ta ina zai bi ya zama likita a aji shida?

Saboda haka ina ba da shawara uku.

Na farko, kafin yaro ya zaɓi darussa, uba ko uwa su tafi da shi wurin malamin ba da shawara, a duba littafin bayani na JAMB, a ga abin da kowane fanni yake nema.

Na biyu, kada a raina gwaje-gwajen cikin aji. Makinsu yana shiga cikin sakamakon ƙarshe. A kuma yi wa yaro rajistar lambar ɗan ƙasa da wuri, domin tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. A tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a dukan takardunsa.

Na uku, a bar yaro ya shiga ƙungiyoyin makaranta. Gaskiya ne a ƙasarmu maki ake dubawa wajen ba da gurbi. Amma ƙungiyar muhawara tana gyara Turancin da zai rubuta, ƙungiyar kimiyya tana saba wa hannunsa da kayan gwaji, ƙungiyar agaji kuwa tana nuna masa ko zai iya jure ganin jini tun kafin ya ce likita zai zama. Ƙungiya ɗaya ko biyu sun isa, muddin ya dage a cikinsu.

'Yan makaranta, shekara uku kamar gobe ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye kuma, ku zauna da yaranku tun a wannan zangon karatu.

Allah ya ba yaranmu sa'a.