Ɗan takarar da ya ce a sakar wa kasuwa mara

Ranka ya daɗe Dagaci, Malam Liman, iyayenmu maza da mata, sannunku da fitowa.

Ba wanda na zo yi wa kamfe. Na zo ne kan wata magana da 'yan takarar shugaban ƙasa ke yi, cewa gwamnati ta tsame hannunta daga kasuwanci. Atiku Abubakar ya daɗe a kan wannan ra'ayi. Lokacin da yake mataimakin shugaban ƙasa, daga 1999 zuwa 2007, shi ne shugaban majalisar sayar da kamfanonin gwamnati, kuma a takararsa ta 2019 ya ce zai sayar da kamfanin mai na ƙasa, NNPC. A 2023 kuwa, shi da Tinubu da Peter Obi duk sun yi alkawarin cire tallafin mai. Da Tinubu ya hau mulki ya cire shi ranar 29 ga Mayun 2023, cikin 'yan kwanaki litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500. Mai injin ban ruwa a fadama ya san sauran labarin.

Hujjarsu ita ce gwamnati ba ta iya riƙon kasuwanci, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Dattawa za su tuna zamanin NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, sai mai hannu da shuni ke da tarho. Da aka buɗe ƙofa a 2001 kamfanoni suka shigo suna gasa, layin da ake saya da dubbai ya zama kusan kyauta. Yau mai sayar da ƙosai ma da wayarta a bakin zani.

To, wutar lantarki fa? An sayar da kamfanonin rarraba ta a 2013, sai dai kowane yanki kamfani ɗaya ne. In bai ba ka wuta ba, wajen wa za ka koma? A ganina nan gizo ke saƙa: kasuwa tana sauƙaƙa wa talaka ne in akwai gasa.

Saboda haka in wakilin ɗan takara ya zo zauren nan, kada a tsaya kan shinkafa da atamfa. Ku tambaye shi wa zai sayi kamfanin da za a sayar, kuma wa zai yi gasa da shi. Tun da aka cire tallafi, kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai, don haka ku sa ya faɗa muku nawa ne ya iso asibitin garin nan.