Jawabi a Kan Shiga Damagaram da Keke

Shugaba ya ce in yi magana a kan yaranmu masu shiga gari da keke, tunda ni ma da shi nake zuwa lakwal.

Dalilin yawaitar keken ba ɓoyayye ba ne. Da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu 2023, kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta yi tsada, kuɗin kabu-kabu ya bi ta. Keke kuwa ko dala ba ya ci, sai faci da ɗan man sarƙa. Daga Miriya zuwa Damagaram kilomita 18 ne, saurayi mai lafiya zai yi su cikin awa ɗaya da ƴan mintoci.

To, amma hanyar ba tamu kaɗai ba ce. Kwaltar nan ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Difa. Tun da aka buɗe matatar SORAZ a 2011, a hanyar Tanut, manyan motocin dakon mai suka ƙaru a garin. A nan nake so ku saurara da kyau. Direban babbar mota yana zaune can sama, ta hagu. Wanda ya raɓe shi ta dama, kusa da taya, ba ya ganinsa ko a madubi. In zai karya kwana, tayoyin baya sukan yanko ciki, su bi ta daidai inda mai keke ya tsaya yana ganin ya kauce. Saboda haka a mahaɗar hanya a tsaya bayanta, a bari ta wuce. In kuma ta zo wuce ka da gudu, iskarta takan ture ka sannan ta jawo ka. Ka riƙe kan keke da hannu biyu. Masu kama bayan mota don ta ja su, iyaye ku tsawata musu, wannan ba wayo ba ne.

A ƙasarmu dama ake bi. Bin hagu wai don a ga mota tana tahowa dabarar mai tafiya a ƙasa ce, mai keke bai da ita. Kada kuma a manne wa bakin kwalta, wurin da rairayi ya taru, don nan taya ke zamewa. Kafin ka juya, waiga, ka miƙa hannu. Mai babbar riga ya tattare ta, sarƙa ba ta san alhaji ba.

Ran Alhamis, wajen kasuwar Dole, ga amalanke, ga adaidaita, ga awaki: ni a ganina gara a sauka a tura. Direbobi ma ƴan'uwanmu ne, wasunsu suna zaune a nan, ina roƙonsu su bar mana ko da taki biyu in za su wuce.

Abin da ya fi damuna shi ne duhu. Ƴan lakwal suna fita da asuba, lokacin hunturu ga hazo, kekunan ba fitila, birkin wasu kuwa takalmi ne. Ina ba ƙungiya shawara ta cire kuɗi daga asusu ta sayo fitila da jan madubin baya a sari, a sa wa keken kowane yaro, a duba birkinsa kafin a koma karatu a watan Oktoba. Ma'aji yana nan, sai ya faɗa mana abin da ke cikin asusun. Wassalam.